Sabar madubi da masu lalube ƙofofi: wace irin sa-ido ce ta cancanci lokacinka?

Duk wanda ya taɓa ɗora sabar a kan adireshin IP na fili ya san abin da ke biyo baya. Tun bai gama saita ta ba baƙi sun fara taɓa ƙofofinta, wato lambobin da kowace hidima ke amsa kira ta cikinsu: wannan ya gwada ƙofa ta 22, wancan ta 23, wani ta 445, wani ta 3389, kowa ya taɓa ya wuce. In kuwa sabar madubi ce, wato injin da ke riƙe da kwafin rumbun manhajojin wani rabon Linux, irin Debian ko Ubuntu ko Fedora ko Arch, domin mutanen kusa su sauke daga gare shi ba sai sun tsallaka Turai ba, to abin ya fi haka, domin sunanta yana cikin jerin da aka wallafa, kowa na iya karantawa. Ranar da shugaban sashe ya leƙa rajistar injin ya ga adireshin ƙasashe barkatai, umarnin da zai bayar ɗaya ne: a ɗauki mataki. Wanda aka ɗora wa ɗaukar matakin shi nake yi wa wannan bayani, ko a jami'a yake, ko a kamfanin raba intanet, ko kuwa shi kaɗai ne yake aikin don Allah.

Hanyoyi uku ne a gabansa. Ko dai ya sa manhajar da za ta toshe duk adireshin da ta ga yana lalube, ko ya kafa wadda ke karanta duk abin da ke wucewa ta layin tana neman alamun hari, ko kuma ya rage ƙofofin da ke buɗe, ya riƙa lalube kansa da kansa, ya mayar da hankali kan lafiyar madubin da amincin kayan da ke cikinsa. Ba sa korar juna, sai dai lokacin mutum ɗaya ba zai isa a yi duka ukun da kyau ba, don haka dole a san wadda za a fara da ita. Ni ta uku nake fifitawa, nesa ba kusa ba.

Su wane ne ke lalubawa

Adireshin IPv4 gaba ɗaya kimanin biliyan 4.3 ne, kuma tuntuni wannan adadi ya daina zama mai yawa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan da ke Amurka suka fitar da manhajar lalube mai suna ZMap, suka nuna cewa inji ɗaya mai layin gigabit zai iya taɓa ƙofa ɗaya a kan dukkan adireshin IPv4 cikin ƙasa da minti 45. A shekarar ce kuma Robert Graham ya fitar da Masscan, wadda aka gina don ta fi haka gudu. Nmap kuwa, manhajar laluben da Gordon Lyon ya fitar tun 1997, tana kan kwamfutar kusan duk mai kula da sabar. Saboda haka wanda ya taɓa ƙofarka yau galibi bai san da zamanka ba, lambarka ce kawai ta zo a kan layi.

Cikin masu taɓawar akwai Shodan, da John Matherly ya buɗe a 2009, da Censys, waɗanda sana'arsu tattara bayanin abin da ke buɗe a intanet. Akwai gidauniyar Shadowserver, wadda ke lalubawa sannan ta aika wa mai adireshin rahoto kyauta in ya yi rajista da ita. Akwai masu bincike na jami'o'i. Akwai kuma na banza, wato na'urorin da aka riga aka kama, kyamarori da na'urorin intanet na gidaje, irin waɗanda Mirai ta mamaye a 2016 tana bin ƙofa ta 23 da kalmomin sirrin da aka zo da su daga kamfani. A rajista duk kamanninsu ɗaya: adireshi, lambar ƙofa, lokaci.

Sabar madubi ta bambanta da sauran injinan ofis a wuri ɗaya mai nauyi, an kafa ta ne don baƙi su shigo. Ƙofa ta 80 da ta 443, na shafin yanar gizo, dole su kasance a buɗe ga duniya. Ta 873, ta rsync, manhajar kwafar fayiloli tsakanin injina, takan kasance a buɗe domin ƙananan madubai su kwasa daga gare ka. Wasu har yanzu suna riƙe da FTP a ta 21, ko da yake kernel.org da Debian sun rufe nasu tun 2017. In kuma kana karɓar sabon kaya ta tsarin da madubin sama, wato wanda kake kwasa daga gare shi, ke sanar da kai da zarar ya sabunta, kamar yadda Debian ke yi, to ƙofar SSH, ta shiga injin daga nesa, ita ma a buɗe take ga wannan madubin.

Sannan akwai baƙin da in ka kore su ka kori kanka. Kowane babban aiki yana da injinan da ke zagaya madubai suna duba ko sun sabunta. Debian tana karanta fayil ɗin da ke cikin project/trace. Arch tana duba wani ɗan fayil mai suna lastsync. Launchpad tana gwada madubin Ubuntu ta rubuta a shafinta ko yana kan lokaci, ko ya yi jinkirin kwana ɗaya, ko na mako. MirrorManager ta Fedora tana bin manyan fayiloli ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tsufa ta daina tura masa mutane. Ga manhajar da ba ta san su ba, wannan zagaye bai da bambanci da na mai neman kafa.

Toshewa kai tsaye

Wannan ita ce hanyar da ta fi shiga rai, domin tana nuna aiki a fili: da safe ka buɗe ka ga dogon jerin adireshin da aka toshe, ka kai wa oga ya gamsu. Fail2ban, da Cyril Jaquier ya fara a 2004, tana karanta rajista, in ta ga adireshi ya kasa shiga sau 5 cikin minti 10 sai ta toshe shi na minti 10. Haka saitinta yake in ba ka taɓa shi ba. Psad tana karanta rajistar katangar tsaro ta gane salon lalube, kuma ana iya ba ta ikon toshewa. PortSentry tsohuwa ce, tana zama a kan ƙofofin da ba a amfani da su, duk wanda ya taɓa ta datse masa hanya. CrowdSec, ta wani kamfanin Faransa, ta fito a 2020 da ƙari ɗaya: injinan da ke amfani da ita suna musayar adireshin maɓarnata, sai ka toshe wanda ma bai iso gare ka ba.

A ƙofar SSH wannan aiki ne mai kyau, ba na musu. Buɗe rajistar SSH ta injin da ya kwana a fili, za ka ga layi bayan layi na "Failed password for invalid user", sunayen suna canzawa: admin, test, oracle, ubuntu, user, daga adireshi ɗaya cikin daƙiƙu kaɗan. Fail2ban tana kashe wannan hayaniya. In ka riga ka hana shiga da kalmar sirri, sai da makulli, waɗannan ba za su taɓa shiga ba ko an toshe su ko ba a toshe ba, amma rajistar da ba ta da shara ita ce ake iya karantawa, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Matsalar tana farawa ne in aka juya wannan makami kan ƙofofin da jama'a ke shiga. A ƙasashenmu yawancin mutane ta layin waya suke hawa intanet, kuma saboda ƙarancin adireshin IPv4 kamfanonin waya sukan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya na fili. Duba adireshin da wayarka ta samu daga kamfani, sau da yawa za ka ga ya fara da 10 ko da 100.64, sannan ka duba wanda duniya ke ganinka da shi, za ka ga daban ne. Wannan na biyun ba naka kaɗai ba ne. In waya ɗaya ko kwamfuta ɗaya mai ɗauke da muguwar manhaja ta lalube ka daga can, ka toshe, to ka rufe famfon unguwa ne saboda yaro ɗaya ya yi ɓarna. Mutanen da ka kafa madubin dominsu su ne za su ga apt, manhajar da suke sauke kaya da ita, ta tsaya cik, ba za su san dalili ba, ba kuma za su rubuto maka ba. Komawa za su yi ga madubin Jamus ko na Afirka ta Kudu, su ci gaba da ƙona data.

Haka ɗakin kwamfuta na makaranta yake. A ce malami ya ce wa ɗalibai 40 su rubuta apt upgrade lokaci ɗaya, dukkansu ta adireshi ɗaya suke fita. Cikin minti ɗaya sabar za ta ga ɗaruruwan buƙatu daga wuri guda. In jerin kayan da ke kan wasu injinan ya tsufa, za su nemi fayilolin da aka riga aka cire, sabar ta mayar da 404, wato amsar ba a samu fayil ba, a jere. Dokokin da aka rubuta don shafin yanar gizo na yau da kullum suna ɗaukar yawan buƙatu da yawan 404 a matsayin alamar mai neman kafa. A shafin labarai haka ne. A madubi kuwa, wannan shi ne ranar aiki ta gari.

Akwai wata illa da ta fi wannan zafi. Lalube na SYN ba ya kammala gaisuwar TCP, wato musayar saƙon da injina biyu ke yi kafin su haɗu, fakiti ɗaya ake jefowa, don haka adireshin da ke rubuce a kansa ana iya ƙirƙirarsa. Nmap da kanta tana da zaɓin -D, wanda ke cakuɗa adireshin mai lalube da na wasu da ba su ji ba su gani ba. In tsarinka yana toshe duk wanda ya taɓa ƙofar da ba ta aiki, to ka miƙa wa kowane baƙo ikon zaɓar wanda za ka toshe. Ya rubuta adireshin madubin sama da kake kwasa daga gare shi, ko na injin da ke duba ka, sai katangarka ta yanke ka daga tushenka, madubin ya tsaya a kan kayan jiya alhali ƙofa ta 80 tana amsawa lafiya lau. Wannan ne ya sa ba na ba kowa shawarar PortSentry ko psad mai ikon toshewa a kan madubi. Fail2ban a kan SSH ba ta cikin wannan haɗari sosai, domin kafin a kai ga gwada kalmar sirri sai an kammala haɗin, kuma kammala haɗi da adireshin ƙarya abu ne mai wuya.

Kuma bayan duk wannan, wanda ya nufe ka da gaske ba ya bukatar lalubawa. Jerin madubai ya gaya masa kana da rsync, Shodan ta gaya masa wace manhaja ke amsawa. Zai zo daga adireshin da ba ka taɓa gani ba, ta ƙofar da kai da kanka ka buɗe.

Karanta duk abin da ke wucewa

Hanya ta biyu ta fi ta farko ilimi. Snort, da Martin Roesch ya rubuta a 1998, da Suricata, da gidauniyar OISF ta fitar a 2010, suna kwatanta fakitin da ke wucewa da dubban dokoki, in wani ya yi daidai da salon harin da aka sani su yi gargaɗi. Akwai tarin dokokin Emerging Threats na kyauta da yawancin mutane ke farawa da shi. Zeek, da Vern Paxson ya fara a shekarun 1990 da sunan Bro kafin a canza mata suna a 2018, salonta daban: ba gargaɗi ta fi damuwa da shi ba, rubuta tarihin kowane haɗi take yi, wa ya zo, yaushe, ta wace ƙofa, bait nawa ya kwasa. Ranar da wani abu ya faru, fayil ɗinta na conn.log shi ne zai amsa tambayar da kowa ke yi, wato tun yaushe aka shigo.

Nauyinta kuwa ba kaɗan ba. Madubi inji ne mai fitar da kaya masu nauyi, hoton faifan ISO ɗaya, wato fayil ɗin da ake girka Linux da shi, gigabait da dama ne, kuma duk wannan sai ya bi ta gaban mai karantawa, ya ci ƙarfin inji da wurin ajiya. Abin da ya bi ta 443 a sirrance yake, ba ta ganin cikinsa. Dokokin da ke kama lalube za su yi ta ƙara dare da rana a kan Shodan da Censys da kyamarorin da aka kama, in ba a zauna an tace su ba, cikin mako guda kowa zai daina dubawa. A nan ne nake ganin ake yawan yaudarar kai: an kafa Suricata, an rubuta a rahoto cewa akwai tsarin gano kutse, amma babu mutumin da aka ware wa awa ɗaya a rana ya karanta.

Akwai kuma amanar jama'a. Rajistar madubi tana nuna wane adireshi ya sauke wace manhaja, wane nau'i, a wane lokaci, wato tana nuna wanda bai yi facin tsaro ba tukuna. Wannan bayani ne da ya kamata a taƙaita tara shi da kwanakin ajiye shi, balle ga shi Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023. Duk wanda zai kafa Zeek ya yanke tun farko kwana nawa zai riƙe rajista da wa ke da ikon buɗe ta.

In cibiya tana da ma'aikatan tsaro na dindindin, kuma madubin ɗaya ne daga cikin injinan da ke bayan layinta, wannan hanya ta dace, a ɗora ta a kan inji daban da ke karɓar kwafin zirga-zirgar, a bar ta tana gargaɗi kawai ba ta toshewa. In mutum ɗaya ne, ya jinkirta ta.

Abin da ya taɓa kayar da irin waɗannan injina

A Nuwamba 2003 an shiga injina huɗu na Debian. Da kalmar sirrin wani mai aikin da aka sato aka fara, sannan aka bi ta wata kafa a cikin zuciyar Linux aka zama root, mai cikakken iko a kan injin. Cikin abubuwan da suka tona asirin akwai AIDE, manhajar da ke lura da canjin fayiloli, wadda ta fara gargaɗin cewa an sauya /sbin/init. Makonni kaɗan bayan haka, a Disamba, aka shiga ɗaya daga cikin madubin rsync na Gentoo ta wata kafa a cikin rsync ɗin kanta, abin da ya sa aka fitar da rsync 2.5.7. A 2011 an shiga kernel.org ta hanyar asusun wani mai amfani, aka yi fiye da mako biyu ba a gane ba. A Satumba 2012 wani madubin SourceForge da ke Koriya ta Kudu ya riƙa raba kwafin phpMyAdmin da aka dasa wa ɓarauniyar hanya. A Fabrairu 2016 aka shiga shafin Linux Mint aka karkatar da masu saukewa zuwa ISO na jabu.

Na baya-bayan nan shi ya fi shafar mai madubi kai tsaye. A Janairu 2025 aka fitar da rsync 3.4.0 don toshe kafofi shida. Mafi munin su, CVE-2024-12084, in aka haɗa ta da wata daga cikinsu, tana ba wanda ke da ikon karantawa kawai, ikon da kowane madubin jama'a ke bai wa kowa, damar gudanar da umarni a kan sabar. Duba jerin nan daga farko har ƙarshe: satar kalmar sirri, tsohuwar manhaja a ƙofar da dole a buɗe, fayil da aka sauya ba wanda ya lura. Babu ɗaya da toshe masu lalube zai hana.

Rage ƙofofi, lalube kanka, kula da kayan

Farkon aikin a katanga yake. Da nftables ka hana komai shigowa, sannan ka buɗe 80 da 443 da 873 kaɗai ga duniya, SSH kuma ga adireshin ofis da na madubin sama. Makullin madubin sama a ɗaure shi da umarni ɗaya a cikin authorized_keys, ta yadda ba abin da zai iya sai tayar da kwasar kaya. A rsyncd.conf ka tabbatar da read only, da use chroot, da max connections, kuma ya gudana da asusun da ba shi da iko. In ƙananan madubai biyu ko uku ne kaɗai ke kwasa daga gare ka, sa su a hosts allow ka rufe wa sauran. Mai kwasar da ta wuce kima ba toshe shi ake yi ba, limit_conn da limit_rate na nginx sun isa su rage masa gudu, aji mai ɗalibai 40 ya ci gaba da aiki, a hankali dai amma bai tsaya ba. Fakitin da katanga ta zubar, in za ka rubuta su a rajista ka sa iyaka, in ba haka ba lalube ɗaya mai ƙarfi zai cika maka faifai. Kada kuma a manta IPv6: sau da yawa an ɗaure ɗaya an bar ɗayan a sake.

Daga nan sai ka zama kai ne mai laluben da ya fi kowa naci. Umarnin ss -tulpn a cikin injin yana nuna abin da ke saurare, amma abin da duniya ke gani sai daga waje ake saninsa. Daga wani inji da ba a kan layinku yake ba, gudanar da nmap -p- a kan madubin, ya bi ƙofofi 65,535 duka, ka ajiye sakamakon, mako mai zuwa ka maimaita, ndiff ta nuna maka bambancin. Yawancin makonni ba za ta nuna komai ba. Makon da ta nuna layi ɗaya mai alamar ƙari, misali 9100 a buɗe, ka samu abin da ya fi dubun gargaɗin lalube daraja. Wannan 9100 ta node_exporter ce, wadda ke ba Prometheus bayanin injin, kuma ba ta tambayar kalmar sirri in ba an saita ba. Irin wannan buɗewar na faruwa da 3000 ta Grafana, da 10050 ta Zabbix, da 5666 ta NRPE: kayan sa-idon da kansu ne ke buɗe sabuwar kafa. Docker ma tana da wannan hali, ƙofar da ka fitar daga kwantena tana iya tsallake dokokin katangar ufw ba ka sani ba. Injinka kaɗai za ka lalube, ko wanda mai shi ya ba ka izini a rubuce. Don koyo akwai scanme.nmap.org da aka tanada domin haka. Ka kuma yi rajista da Shadowserver, ido na biyu ne da ba ka biya ko kwabo.

Sai lafiyar madubin, wadda a wurina ita ce asalin sa-ido. Rumbun Debian sau huɗu a rana yake sabuntawa. Abin da ya kamata ya buga maka waya shi ne in lokacin da ke cikin fayil ɗin trace ya wuce, a ce, awa 12 bai motsa ba. In faifai ya kusa cika, domin rumbunan nan terabait da dama ne kuma girma suke yi. In takardar shaidar HTTPS ta kusa ƙarewa. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwasa aka bar fayil ɗin kulle da ke hana kwasa ta gaba tashi. Wannan na ƙarshen duk wanda ke aiki da janareta da inbata ya san shi. Yi amfani da ftpsync maimakon rsync tsirara, domin tana kwaso fakitin manhajoji tukuna sannan jerin sunayensu, kada mai saukewa ya ga jerin da ke nuna abin da bai iso ba. Madubin da ya tsufa ba rashin jin daɗi kawai yake jawowa ba, yana hana mutane facin tsaro alhali suna ganin sun sabunta. Shi ya sa Debian ke sa ranar ƙarewa, Valid-Until, a fayilolin Release na wasu rassan rumbunta.

Wace manhaja za ta yi wannan gadin, ba abin dogon musu ba ne. Nagios, da Ethan Galstad ya fara a 1999, da 'yar uwarta Icinga, tambaya ɗaya suke yi, lafiya ko ba lafiya, kuma rubuta musu ɗan gwajin da ke duba shekarun fayil abu ne na minti kaɗan. Prometheus, da aka fara a SoundCloud a 2012, ta fi ƙarfi wajen nuna yadda layi da faifai ke tafiya cikin watanni, abin da za ka bukata ranar neman kuɗin sabon faifai. Zabbix tana yin duka biyun, amma tana son rumbun bayanai nata da kulawarsa. Wadda cibiyarku ta riga ta iya, ita za ka ɗauka. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne ta zauna a kan wani inji, zai fi kyau a wani layi, domin injin da ya mutu ba ya aiko da labarin mutuwarsa.

Game da amincin kaya, apt da dnf da pacman suna tantance sa hannu, don haka fakitin da aka gurɓata a madubi za su ƙi shi. Hoton ISO da fayilolin da mutum ke saukewa da hannu ba su da wannan kariya sai ya duba da kansa, kuma kaɗan ne ke dubawa. Don haka ka sa aikin da ke tantance sa hannun SHA256SUMS ya kwatanta shi da hotunan da ke kan faifanka a kai a kai. AIDE kuma ta lura da /etc da /usr da /boot, ba rumbun madubin ba tunda shi kullum canzawa yake, a ajiye kundinta a wajen injin. A ƙarshe ka ɗaure fita kamar yadda ka ɗaure shiga. Madubi wurare kaɗan yake da dalilin kira: madubin sama, DNS, sabar lokaci, inda yake karɓar nasa facin. Haɗi ɗaya da ya fita zuwa wani wuri daban ya cancanci a tashe ka da tsakar dare.

Wa zai ɗauki wacce

Mutum ɗaya mai madubi ɗaya ya tsaya a hanya ta uku, ya ƙara Fail2ban a kan SSH kaɗai, ya kunna facin tsaro mai shiga da kansa, ya shiga jerin wasiƙun sanarwar tsaro na rabon Linux da yake amfani da shi da kuma na masu madubai. Jami'a mai ma'aikata biyu ko uku ta yi hakan tukuna, in ya zauna sai ta ƙara Zeek a inji daban, da ƙa'idar kwanakin ajiya a rubuce. Kamfanin raba intanet da ke haɗe da cibiyar musayar zirga-zirgar intanet irin IXPN ta Najeriya, wanda madubinsa ke hidima ga abokan cinikin wasu kamfanoni ma, shi ya fi kowa bukatar yin hattara da toshewa kai tsaye, domin adireshi ɗaya daga layin waya yana iya ɗauke da jama'a masu yawa.

In an matsa lallai sai an sa CrowdSec ko makamanciyarta a ƙofofin jama'a, akwai yadda za a rage ɓarnar. CrowdSec tana da yanayin gwaji da ke rubuta wanda za ta toshe ba tare da ta toshe shi ba. A bar ta a haka mako biyu, a haɗa da makon da sabon nau'in Ubuntu ya fito, Afrilu ko Oktoba, lokacin da madubi ke cika. Sannan a zauna a bi jerin adireshi ɗaya bayan ɗaya da whois, umarnin da ke nuna mai adireshi, a ga nawa ne na kamfanonin waya da makarantu. Madubin sama, da injinan da ke duba madubai, da ƙananan madubai, da injin sa-idonka, duk a sa su a jerin waɗanda ba a taɓawa, a Fail2ban sunansa ignoreip. Tsawon toshewa kuma ya kasance na mintuna, kada ya kai kwanaki, kuma a shafin farko na madubin a rubuta adireshin imel da wanda aka toshe bisa kuskure zai iya rubutowa.